Ranar da ƙafar ƙugiya ta nutse a Sharaɗa

Shekarata goma sha ɗaya ina jan motar ƙugiya, amma sau ɗaya na taɓa jin cikina ya ɗuri ruwa a kan kujera. Cikin watan Agusta ne, an kwana ana ruwa. Aka kira mu wata masana'anta a Sharaɗa, cikin Kano, mu sauke janareta mai nauyin tan shida daga tirela.

Motar tawa tan 25 ce. Mai kayan da ya ji haka sai ya ce ai wannan wasan yara ne. Mutane ba su san cewa tan 25 ɗin nan sai kayan na dab da jikin mota ba. Da zarar ka miƙa hannun ƙugiyar ya yi nisa, ƙarfin sai ya yi ta zubewa. Na duba jadawalin nauyi da nisa da ke manne a gefen kujera, lissafi ya fita daidai. Na fitar da ƙafafu huɗu da ke tokare motar da ƙasa har ƙarshensu, tayoyi suka bar ƙasa, kumfar lebur ta zauna a tsakiya.

Abin da na yi ganganci a kai shi ne ƙasar. Wurin a share yake, an zuba jar ƙasa an daddaɓe, sai na sa guntun katako ɗai-ɗai a ƙarƙashin kowace ƙafa. Faifan ƙarfen da ake shimfiɗa wa ƙafafun kuwa yana bayan mota, ƙyuyar sauke shi kawai na yi.

Na ɗaga janareta kamar taƙi ɗaya, na tsaya, shiru. Ina fara juyawa hagu, nauyi ya koma kan ƙafar baya, sai na ji Sule, yaron motata, yana ihu: "Oga, tsaya! Ƙasa na tsagewa!" Katakon ya shige, ruwa baƙi mai wari na bulbulowa ta gefensa. Ashe tsohon sokawe ne aka binne a wurin.

Ban yarda na taka birki da ƙarfi ba, don kaya in ya yi lilo shi zai ƙarasa ka. A hankali na ɗaga hannun don kayan ya matso kusa, na dire shi nan inda yake, cikin taɓo.

Maigadin wurin, wani dattijo, ya ce, "Yaro, da ka tambaye ni, ai a gabana aka rufe ramin nan."

Yanzu kafin in kashe injin tafiya ma, maigadi nake fara nema. Sule kuma ya bi wurin da rodi yana caka.