Ma'aikacin da yaƙi ya raba da hedkwatarsa

A karatun tarihin kasuwancin Turawa a Asiya, an fi cika mana kunne da jiragen ruwa da kayan yaji da riba. Sai da aka ba ni aikin rubutu kan Dejima hankalina ya koma kan ma'aikatan rassa, waɗanda yaƙi ya rutsa da su a ƙasar wasu.

Dejima ɗan tsibiri ne da aka cike teku aka yi a Nagasaki, gada ɗaya ce ke haɗa shi da gari, ita ma da masu gadi. Tun 1641 aka killace 'yan Holan a nan, su kaɗai ne Turawan da Japan ta yarda ta yi ciniki da su. Hendrik Doeff ya iso a 1799 yana akawu, a shekarar da VOC, kamfanin kasuwancin Holan a Asiya, ya rushe, gwamnatin Holan ta gāji bashinsa da rassansa. A 1803 ya zama shugaban reshen.

Daga nan yaƙin Napoleon ya yi ta matse su. Da farko jiragen Amurkawa ake haya su shigo da tutar Holan, don gudun Ingilishi a teku. A 1810 Faransa ta haɗiye Holan, a 1811 Ingila ta ƙwace tsibirin Jawa, a Indonesiya ta yau, inda Bataviya take, wato hedkwatar da ke aiko musu kaya da umarni. Shekaru suka yi ta wucewa babu jirgin gida, babu wasiƙa. Tufafi suka ƙare, hukumomin Nagasaki ne ke ba su abinci bashi. Ana yawan cewa a lokacin tutar Holan ba ta tashi ko'ina sai a Dejima da Elmina, a gaɓar Gana ta yau, gidan da aka daɗe ana tara bayi. Ban iya karanta wannan a matsayin abin alfahari ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne 1813. Raffles, gwamnan Ingilishi a Jawa, ya turo jirage biyu da Wardenaar, tsohon shugaban Dejima, wanda Doeff ya yi aiki a ƙarƙashinsa, don ya karɓar wa Ingila reshen. Ka duba halin da Doeff yake ciki: ga yunwa, ga bashi, ga tsohon maigida ya zo da kaya. Ya ƙi. Kuma ba shi da soja ko ɗaya. Makaminsa sanin gari ne. Ya san Japanawa ba su manta da 1808 ba, lokacin da jirgin yaƙin Ingila mai suna Phaeton ya shigo da tutar Holan, ya yi garkuwa da ma'aikata biyu, har gwamnan Nagasaki ya kashe kansa saboda abin kunya. Doeff ya nuna wa Wardenaar cewa in asiri ya tonu cewa jiragen na Ingilishi ne, ba wanda zai fita lafiya. Aka sayar da kayan da sunan Holan, tafintocin Japanawa suka rufe bakinsu.

A nan na fahimci cewa ma'aikacin reshe yana rayuwa ne da yardar masu masaukinsa, ƙarfin kamfani ba ya ƙetare teku ranar da hanya ta toshe. Tafintocin nan ba su rufa masa asiri don tutar Holan ba. Shekaru ya yi yana zama da su, ya koyi harshensu, kuma a wannan zaman jira ne suka duƙufa tare kan ƙamus na Holanci da Japananci, wanda su suka kammala a 1833, bayan ya tafi. Ni dai su nake ganin an fi tauye wa haƙƙi a labarin, domin rayukansu suka saka a haɗari.

Jirgin gida ya iso a 1817, Jan Cock Blomhoff ya karɓi shugabancin reshen daga hannun Doeff. Doeff ya bar Japan bayan shekara 18, ya bar ɗan da ya haifa da wata 'yar Nagasaki, domin doka ta hana yaron fita.