Mako na 14 da littafin duba sama, da tambayar da aka yi min kan AI

Salam 'yan uwa masu koyon duba yanayi. Yau mako na 14 ke nan da na fara rubuta abin da sama ke yi kullum, littafin ma ya kusa rabi. Tsarin dai bai canja ba, ƙarfe 7 na safe in fita in duba ma'aunin ruwa, in karanta zafi, in ɗaga kai in raba sama gida 8 a zuci in ƙiyasta gida nawa gajimare ya rufe, wato okta, sai in rubuta ta inda iska ke tasowa. Duka bai wuce minti biyar ba.

Babban gyaran da na yi a watan nan na ma'aunin ruwa ne. Da farko kusa da bango na ajiye shi, ashe duk ranar da iska ta kaɗo ruwan ta wancan ɓangaren bangon ke tarewa, sai in ga ƙasa ta jiƙe sharkaf amma gorata ɗan kaɗan ta tara. Yanzu na mai da shi fili, na ɗaure a jikin sanda, bakinsa a daidaice ba karkace ba. Ga mai son haɗa nasa, lissafin ba wuya: milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a kan murabba'in mita 1. Mazurarina faɗin bakinsa santimita 16 ne, filin bakin ya kama kusan murabba'in santimita 200, ke nan duk mililita 20 da na samu a gora milimita 1 ne. Sirinji nake aunawa da shi. Ma'aunin zafi shi ma na cire shi daga inda rana ke taɓa shi, don a tashoshi cikin farin akwati mai tagogi ake sa shi, tsakanin mita 1.25 zuwa 2 daga ƙasa, nawa ba irin wannan akwatin ba ne amma inuwa ce mai iska.

Gajimare ne har yanzu ke ba ni aiki. Manyan jinsunan 10 ne, kuma sunayen sun samo asali daga Luke Howard wanda ya gabatar da tsarinsa a Landan a 1802. Kumulus mai kama da tarin auduga da sirus siriri can sama na riƙe su, kumulonimbus kuwa ba ya ɓuya, kansa ya baje sama ƙasansa ya yi baƙi, hadari ke nan. Altokumulus da stratokumulus ne nake ta cakuɗawa.

To ga maganar da ta fi cin raina. Wata ƙanwata da muke koyon nan tare tana son karanta ilimin yanayi a jami'a, sai ta ce min yaya, ba ɓata shekaru zan yi ba kuwa tunda AI, wato ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta, ta karɓe hasashen yanayi? Ban raina tambayar ba ko kaɗan don akwai gaskiya a ciki. A 2023 Huawei suka fito da Pangu-Weather, a shekarar kuma Google DeepMind suka fito da GraphCast wanda ke fitar da hasashen kwana 10 cikin ƙasa da minti ɗaya, abin da tsohon tsari na lissafin fiziks ke buƙatar katafariyar kwamfuta da dogon lokaci kafin ya gama. A Fabrairun 2025 ma cibiyar hasashe ta Turai, ECMWF, ta fara aiki da nata mai suna AIFS kafaɗa da kafaɗa da tsohon tsarinta. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne, duk wanda ya ce muku ba abin da ya canja bai faɗa muku gaskiya ba.

Amma abin da littafin nan nawa ya sa na gane shi ne daga ina su waɗannan na'urorin suka koya. GraphCast a kan ERA5 aka horar da shi, wato taskar tarihin yanayi da ECMWF ta haɗa daga awon tashoshin ƙasa, jiragen ruwa, jiragen sama, taurarin ɗan adam da balan-balan ɗin da ake saki sama sau biyu a rana a tashoshi da dama na duniya. Kuma ko yau kafin ya ce ga abin da gobe za ta yi sai an ba shi hoton yadda sama take yanzu, wannan hoton kuwa daga awo yake fitowa. Idan ni bango ɗaya ya ɓata min awon makonni, ku yi tunanin dubban na'urori da sai an sami mai girka su daidai, mai gyara, mai gane cewa wannan adadin ƙarya ne ma'auni ne ya lalace.

Sannan ga batun faɗi. GraphCast yana raba duniya gida-gida ne, kowane gida wajen kilomita 28 a kan layin Equator da ya raba duniya biyu, hadarin tsawa guda kuwa yana iya zama bai kai haka ba. Ranar Talatar da ta wuce manhajar wayata ta nuna ruwa kaɗan, ni kuma na auna milimita 19 cikin abin da bai kai awa ba, wani abokina da ba shi da nisa da ni ko ɗigo bai gani ba. Irin wannan ruwan mai zuwa farat ɗaya da ƙarfi yana cikin abin da na'urorin AI ke yawan rage wa kaifi. Kuma ko hasashen ya yi daidai, sai wani mutum ya yanke cewa a fitar da gargaɗin ambaliya ko a jira, sai wani ya yi wa matuƙin jirgi bayanin abin da ke gabansa, ya kuma ɗauki nauyin maganarsa.

Don haka na ce mata ta karanta, amma ta shiga da ido buɗe. Aikin zama ana rubuta hasashen yau da kullum da hannu zai ragu, ina ganin wannan ba makawa. Inda ƙofa ke buɗewa shi ne wajen tace bayanai, gwada na'urorin nan a ga inda suke kuskure, hasashen awanni kaɗan masu zuwa da rada, da fassara hasashe ga masu noma, jiragen sama, wutar lantarki da inshora. Lissafi da fiziks ba gudu, ta ƙara da kididdiga da Python, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta, tun daga shekarar farko. Masanin lissafi Lewis Fry Richardson a 1922 ya ƙiyasta sai mutum 64,000 suna lissafi da hannu kafin a iya riga yanayi gudu, kwamfutar ENIAC ta yi hasashen yanayi na farko da kwamfuta a 1950, kuma bayan nan ba a rufe sana'ar ba, masu ita sabon aiki suka koya.

Ni ma na ƙara shafi biyu a littafina saboda wannan hirar. Daga gobe kowane dare zan rubuta abin da manhaja ta ce game da washegari, a gefe in rubuta nawa hasashen daga gajimare da iska, da safe in auna in ga wa ya dace. Zan yi kwana 30 kafin in ƙirga. Wanda ke da ma'aunin ruwa a cikinku ya yi haka shi ma, mu riƙe ƙarfe 7 ɗin gaba ɗaya don awon ya yi daidai da juna.