Abin da Bokitan Shagon Furanni Suka Koya Mini

A satina na farko a shagon furanni ko dami ɗaya ban ƙulla ba. Bokitai na wanke. Uwar ɗakina, mai shagon, ta miƙo mini buroshi da 'yar kwalbar bilic, ta nuna mini tarin bokitan da ke bayan shago, ta ce: "Ɗiyata, duk bokitin da ba za ki yarda ki sha ruwa a cikinsa ba, kada ki sa mini fure a ciki." Na amsa da to, amma raina bai so ba. Na zo ne da burin haɗa launuka da ɗaura kintinkiri, sai ga ni tsugune ina kankare santsi a gindin roba.

Sai daga baya na gane dalili. A cikin karan kowane fure akwai 'yan siraran hanyoyi da ruwa ke bi ya hau sama. Santsin nan da ke manne wa bokiti ƙwayoyin cuta ne, kuma da zarar sun yi yawa a ruwa sai su toshe bakin hanyoyin. Furen yana tsaye cikin ruwa tsundum amma ƙishirwa na kashe shi. Wanda ya taɓa ganin wardi ya sunkuyar da kai tun bai buɗe ba, wuyansa ya langaɓe daf da ƙasan furen, to yawanci abin da ya faru ke nan: ko dai ƙazantar ruwa, ko iska ta shiga kara ta tare hanya. Tun daga ranar da na fahimci haka ban ƙara kallon wankin bokiti a matsayin aikin 'yar koyo ba. Ita kanta uwar ɗakina, idan aiki ya yi yawa, naɗe hannun riga take ta tsuguna tare da ni.

Ranar da kaya ke isowa ita ce ranar da ta fi kowace gajiya. Kwalaye dogaye suna shigowa da sassafe, furannin a kwance, a ɗaure, a bushe, wasu sun yi yaushi har ka ce sun mutu. Kowane kara sai an yanke masa kamar santimita 2 ko 3 daga ƙasa, a karkace, da wuƙa mai kaifi. Almakashi mai dakushi matse karan yake, ya murƙushe hanyoyin ruwan da ake son buɗewa. Sai a zage duk ganyen da zai nutse a ruwa, domin ganye a ruwa ruɓewa yake. Sannan a tsoma su a bar su su sha na wasu sa'o'i kafin a taɓa su. Garin da ake zubawa a ruwan, wanda ake kira abincin fure, abu uku ne a haɗe: sukari don furen ya samu ƙarfin buɗewa, ɗan tsami don ruwan ya hau kara da sauƙi, da maganin ƙwayoyin cuta. Idan aka zuba sukari shi kaɗai, ƙwayoyin cutar aka yi wa liyafa.

A irin wannan safiya ne na fara karanta rubutun da ke jikin kwalayen. Kenya, Habasha, Kwalambiya, Ikwado, Holan. Wardi da yawa daga gonakin da ke kewaye da tafkin Naivasha na Kenya yake fitowa, wani kuma daga tuddan Ikwado inda tsayin ƙasa da hasken rana ke sa shi yin kai babba da kara dogo. Da yawa daga cikinsu sai sun biya ta babbar kasuwar gwanjon furanni ta Aalsmeer, kusa da Amsterdam, inda aka san gwanjon agogo: farashi na farawa daga sama yana sauka, wanda ya riga tsayar da shi shi ne ya saya. An tsara shi haka ne don a yi sauri, saboda kayan ba sa jira. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, furen da nake yankewa ya riga ya ci kwanaki daga cikin kwanakinsa a jirgi da mota da ɗakin ajiya kafin ya iso hannuna. Wata rana na faɗa wa uwar ɗakina wannan tunanin, sai ta ce: "Yanzu kika fara aiki. Mu ai kwanaki muke sayarwa. Kyan fure ba mu muka yi shi ba. Namu shi ne kada kwanakin mai saye su ƙare a shagonmu."

Kusan duk abin da na koya bayan nan yana komawa ga wannan magana.

Ɗakin sanyi, alal misali. Yawancin furanni suna son sanyin da bai wuce digiri 2 zuwa 4 a ma'aunin Salshiyos ba, domin sanyi na rage musu saurin tsufa. Amma ba kowane ba. Na taɓa ɗaukar okid, furen ƙasashe masu zafi, na sa shi cikin ɗakin sanyi da yamma da niyyar kyautata masa. Washegari ya yi tabo-tabo kamar an ƙona shi da ruwan zafi, ba mai sayuwa. Irinsu suna buƙatar wurin da ya haura digiri 10. Uwar ɗakina ba ta yi mini faɗa ba, ta dai sa na ɗauke su da hannuna na kai kwandon shara, kuma nauyin wannan tafiya ya fi mini kowane faɗa. Haka nan na koyi cewa ba a ajiye ayaba ko tuffa kusa da furanni, domin 'ya'yan itace masu nuna suna fitar da iskar etilin, wadda ke sa furen kaneshan ya rufe ido ya yanƙwane cikin dare ɗaya. Dafodil kuwa, idan an yanke shi, yana zubar da wani ruwa mai yauƙi da ke cutar da sauran furanni, don haka sai ya sha ruwansa shi kaɗai tukuna. Tulif ba ya daina girma bayan an yanke shi. Ka jera shi daidai da dare, da safe ka tarar ya ƙara tsayi ya karkata wajen haske. Lili kuma sai an cire masa 'yan sandunan garin da ke tsakiyarsa da zarar ya buɗe, don garin yana rina tufafi, kuma idan ya zuba a riga ba a goge shi da ruwa ko hannu, da salatif ake ɗauke shi. Akwai tambaya ɗaya da ba na mantawa idan wani zai sayi lili: akwai kyanwa a gidan? Guba ce gare ta, tana lalata mata ƙoda.

Shekarar shagon furanni ba ta tafiya daidai wa daida. Akwai makonnin da za ka zauna kana jin ƙarar injin sanyi, akwai kuma 'yan ranakun da ke ɗauke da cinikin watanni. Babbar cikinsu 14 ga Fabrairu ce, ranar masoya. Duniya gaba ɗaya na neman fure iri ɗaya, launi ɗaya, a rana ɗaya, alhali itacen wardi bai san kalanda ba. Manoma kan datse itatuwansu makonni kafin lokacin don furen ya fito daidai ranar, wato sun sadaukar da girbin wasu makonni, ga kuma jirage da suka cika. Shi ya sa farashi ke tashi tun daga gona. Masu saye da yawa suna ɗauka mu ne muke cin amanarsu, kuma na daina jin haushin hakan, sai dai in yi bayani idan mutum yana da lokacin ji. Abin da ya fi wuya shi ne oda. Dole a ƙayyade yawan da za a saya makonni kafin ranar. Aka saya kaɗan, a mayar da mutane hannu wofi. Aka saya da yawa, ranar 15 ga wata a wayi gari da jan wardi cike da bokitai ba mai tambaya. Uwar ɗakina tana da wani tsohon littafi da take rubuta abin da aka sayar kowace shekara, da ranar makon da bikin ya faɗo, da yanayin gari, da abin da ya saura. Da shi take yanke shawara, ba da zumuɗi ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, in ji masu iya magana, amma a wannan sana'a Larabar takan kasance wata guda baya.

Ranar iyaye mata kuma daban take. A Amurka da ƙasashe da dama Lahadi ta biyu ce a watan Mayu, al'adar da Anna Jarvis ta faro a 1908 da farin kaneshan, aka amince da ita a hukumance a 1914. A Ingila kuwa tana zuwa ne makonni uku kafin Ista. Ni na fi son wannan rana. Mai sayen wardi a Fabrairu sauri yake, ya san abin da yake so. Mai saya wa mahaifiyarsa kuwa tsayawa yake yana tunani, ya ce tana son shuɗi, ko kuwa a'a, wannan ƙanwarta ce. Sai ka ga babban mutum ya koma yaro a gaban kanta. Sauran lokutan suna zuwa suna wucewa: watannin bukukuwan aure, ɗan gajeren lokacin furen fiyoni da ba ya wuce 'yan makonni, Disamba da jan ganyen foyinsetiya da ba ya jure iskar sanyi ko ta tsakanin ƙofa da mota.

Darasin da ya fi shiga jikina wani bikin aure ne ya koya mini shi. Amarya ta nemi farin lili, biki ranar Asabar. A lokacin an fara barina in yi oda da kaina. Na yi tunanin sabon kaya shi ne mafi alheri, sai na sa a kawo su ranar Alhamis. Suka iso a rufe ruf, koraye, kamar yadda lili ke zuwa kullum. Lili na iya ɗaukar kwana huɗu, biyar, ko fiye kafin ya buɗe, abin da na sani a baki amma ban lissafa ba. Daren Juma'a muka kwana a shago, mun fitar da su daga sanyi, mun sa su a ruwa mai ɗumi, mun kunna duk fitilu, muna sake yanke karan. Kamar kashi ɗaya cikin uku ne suka buɗe. Da asuba uwar ɗakina ta ce: "Ɗauki waya, ɗiyata. Ke za ki gaya wa uwar amarya, kuma gaskiya za ki faɗa." Na kira, murya na rawa, na ce: "Mama, kuskure na yi, ga abin da ya faru, ga kuma abin da za mu iya yi." Muka cike gurbin da farin wardi, muka rage kuɗi. Matar ba ta ji daɗi ba, kuma tana da gaskiya. Amma ta dawo bayan shekara guda da bikin 'yarta ta biyu. Tun daga nan, duk aikin biki daga ranar bikin nake fara ƙirga baya, fure-fure: wannan ya zo Litinin don ya buɗe, wancan ya zo Juma'a don kada ya wuce.

Akwai abu ɗaya da muka daɗe muna saɓani a kai da uwar ɗakina, wato koren soson nan da ake cake furanni a ciki. Wani Ba'amurke, V. L. Smithers, ya ƙirƙiro shi a 1954, kuma ya sauƙaƙa aikin ƙwarai: yana riƙe ruwa, yana riƙe kara a duk kusurwar da kake so. Sai dai roba ce da ba ta ruɓewa, tana marmashewa ta bi ruwan da muke zubarwa. Ni ina ganin ya kamata a rage shi, a koma ga ragar waya da tuluna inda hali ya yi. Ita kuwa tana cewa aikin da za a ɗauka a mota mai nisa ba abin da ya kai soso. Mun tsaya a tsakiya: ba ma amfani da shi sai inda ba makawa.

Abin da ban zata ba shi ne yawan sauraro da aikin ke buƙata. Mutum ba ya shigowa shagon furanni haka kawai. An haihu, ko an yi aure, ko wani na asibiti, ko an yi rashi, ko an ɓata wa wani rai ana neman shiri. Kuma ma'anar fure tana sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa. A Faransa da Italiya kirisantimam furen kaburbura ne, ana kai shi maƙabarta a farkon Nuwamba, don haka ba a miƙa shi ga mai jinya ko uwar gidan da ta gayyace ka. Shi ya sa nake tambaya kafin in miƙa hannu ga bokiti: na wa ne, kuma mene ne dalili? Na kuma koyi cewa idan mutum ya ce a ba shi na ranar Lahadi alhali yau Talata ce, sai in zaɓa masa mai toho, ko da wanda ya buɗe ya fi ɗaukar ido. Wanda ya kusa ƙarewa kuma ina faɗa masa cewa kwana biyu ya rage, ya saya da saninsa ko ya bari.

Akwai wani dattijo da ke zuwa duk ranar Alhamis da yamma, ya sayi kara uku kacal, kowane iri ne in dai rawaya ne. Bai taɓa cewa na wa ba, ni ma bayan tambayar farko da ya amsa da murmushi ban sake yi ba. Wata Alhamis ya shigo ya tarar saura 'yan tulif masu rawaya da suka riga suka buɗe sosai. Na ce: "Baba, waɗannan ba za su kai maka Asabar ba. Gobe da safe sabbi za su iso, in za ka iya dawowa." Ya ɗan yi shiru yana kallonsu, sannan ya ce: "Ba komai, 'yata. Yau ake bukatarsu." Na yanke musu gindi, na naɗe a takarda mai laima, na miƙa masa. Da ya fita na zubar da ruwan bokitin, na ɗauko buroshi.