Ga mai son binciken farfaɗiya

A makon jiya wani ɗalibina ya kawo mini takardar neman gurbin karatu a Ingila domin in sa masa hannu, da na tambaye shi yaushe rabonsa da zama da mai farfaɗiya, sai ya ce: "Malam, ai ni mai bincike ne, ba likita ba." Da irin wannan bakin na yi magana lokacin da nake sa'arsa.

Na shafe shekaru a ƙasar waje ina yi wa ɓeraye allurar pilocarpine don tayar musu da farfaɗiya, ina yanka ƙwaƙwalwarsu ina ƙirga ƙwayoyin da suka mutu. Ba zan kira shi aikin banza ba, domin da maƙalun da na rubuta a kansa aka ƙara mini girma, kuma kwamitin ƙarin girma ba ya tambayar marasa lafiya nawa mutum ya saurara. Kowace maƙala ina buɗe ta da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa mutum miliyan 50 ke da cutar, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, amma sai bayan na dawo gida na ga yaron da ya faɗa murhu ya ƙone hannu, aka kuma cire shi daga makaranta wai yawunsa yana yaɗa cutar. Abin da ya rasa shi ne phenobarbital, maganin farfaɗiya da ake amfani da shi tun 1912. Wa ya nuna mini haka a lokacin? Babu, ko da yake ni ma ban tambaya ba.

Shawarata gajeriya ce. Ku zauna a asibiti ku ji yadda sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da doguwar naƙuda, da haɗarin babur suke barin farfaɗiya a baya. Kada ku yi gaggawar fita waje. To, idan gurbi ya samu ku tafi, domin na'urorin suna can, kuma ba na son a ce na hana ku abin da na ci. Damuwata ita ce yaran yanzu ba su da haƙurin sauraron uwa tana bayanin yadda ɗanta ya faɗi, hankalinsu yana kan waya, alhali kuwa daga bakinta ake fara gane nau'in farfaɗiyar tun kafin a manna wa yaro wayoyin gwajin ƙwaƙwalwa. Ku tambaye ta ko an riga an kai shi wurin mai ruƙiyya, ba tare da kun yatsine fuska ba, sannan ku tambayi kuɗin motar da ta biya.