Ni da gefen tafin hannuna a kan wayar jita

Maganar gaskiya ba neman ƙwarewa ne ya sa na fara ɗora tafin hannu a kan wayoyin jita ba, tsoron maƙwabta ne. Gidan haya nake a Kaduna, irin mai ɗakuna a jere ɗin nan da in ka yi tari na ɗakin ƙarshe sai ya ce maka sannu, ni kuma ba ni da lokacin taɓa jita sai bayan isha'i in na taso daga shago. Jitar ta katako ce, ta hannu na saya, amma akwai ta da baki. Rannan ina tsaka da kiɗa matar ɗakin kusa da nawa ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce, "Malam don Allah a rage mana garayar nan, yaro ya ƙi barci." Garaya fa ta ce. Na ba ta haƙuri, na koma na cusa safa a ƙarƙashin wayoyin, sauti ya mutu murus kamar ana dukan katifa, daga baya na cire safar na riƙa danne su da hannu kawai.

Sai da na yi makonni a haka kafin na gano a YouTube cewa abin da nake yi a haukace ai fanni ne mai suna, fam miyut suke ce masa, wato kashe amon waya da tafi. A takardun koyon jita ma za ka ga an rubuta P.M. da ɗigo-ɗigo a jere, ma'ana daga nan zuwa can a danne za ka kaɗa. Na ce ashe ni gwani ne ban sani ba. To ina, ashe ko hanya ban kama ba.

Kiɗan da nake so na iya shi ne buluz, na baƙaƙen fatar kudancin Amurka. Wani abokina da na fara gaya masa cewa ya yi wane Bulus ɗin, na coci? Abin da ya ja ni shi ne wannan tafiyar ta ƙasa-ƙasa da ake yi da manyan wayoyi biyu, dum-da dum-da dum-da, bugu ɗaya dogo ɗaya gajere kamar mai ɗingishi amma ɗingishi na yanga. Shaful ake kiransa. In ka saurari Jimmy Reed, ɗan jihar Misisifi da ya yi suna a Shikago a shekarun 1950, kusan duk waƙoƙinsa a kan wannan tafiyar suke zaune, kuma Eddie Taylor ne yake riƙe masa ita da jita a yawancinsu. Tun kafin su ma Robert Johnson ya yi irinta a faya-fayan da ya ɗauka a Tekzas a 1936 da 1937, waƙoƙi 29 kacal ya bari ya mutu a 1938. Mutum ɗaya da jita ɗaya ba mai ganga a bayansa, to dole manyan wayoyin nan su zama su ne gangar, kuma waya ba ta zama ganga in ka bar ta tana ta jan amo kamar ƙararrawa. Sai an gajarce mata numfashi.

Yatsun hagu ba su ba ni wahala sosai ba. Da haruffa ake kiran sautukan, E, A da B. A kan E, ka bar babbar waya ta sama a sake, ka danne ta biyar, wato wadda ke bin ta, a firet na 2 (firet su ne ƙarafan nan da suka gitta wuyan jita), ka kaɗa su tare sau biyu, ka koma firet na 4 sau biyu, ka dawo. Shi kenan. In za ka koma A sai ka sauko da komai waya ɗaya ƙasa. Gaɓa 12 ake zagayawa, kowace gaɓa bugu huɗu: huɗu a E, biyu a A, biyu a E, ɗaya a B, ɗaya a A, sai biyu a E a rufe ko a juya da B a sake sabon zagaye. Wannan a mako guda na haddace.

Hannun dama ne ya nuna mini iyakata. Ni a tunanina dannewa dannewa ce, sai in kifa tafina gaba ɗaya a kusa da ramin jitar in matse iya ƙarfina, abin da ke fita tuf tuf tuf ne kawai, ba ka bambance E da A, ko na canza yatsa ko ban canza ba duk ɗaya. Kuma ni a kunnena ina jin kamar daidai nake, don kaina yana cike mini gurbin sautin da babu. Ranar da na ɗauki kaina da wayar salula na saurara wallahi kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki, kamar ana kakkaɓe tabarma.

Akwai wani dattijo da yake kiɗa a wani coci a unguwarmu, yakan zo shagonmu sayen batir da wayar wuta, Baba kowa ke ce masa. Na kai masa kukana wata Asabar. Bai ce komai ba ya ce in kaɗa, na yi gaɓa biyu ya ɗaga hannu.

"Ɗana, faɗa kuke yi da ita?"

Na ce a'a Baba.

"To me ya sa ka shaƙe ta?"

Ya kama hannuna ya juya shi kamar zan sari wani abu, ya nuna mini tsokar nan ta gefen tafi, wadda ta taso daga ƙasan ƙaramin yatsa zuwa wuyan hannu, ya ce da wannan kaɗai ake aiki. Ya ɗora ta a kan birij, wurin da wayoyin suka hau ɗan farin ƙashin nan, abin da masu garaya da gurmi suke kira jaki. Ya ce kaɗa. Na kaɗa, waya ta yi amo tas kamar ban taɓa ta ba, don hannun yana bayan ƙashin. Ya turo hannun gaba kaɗan, abin da bai fi faɗin tsinken ashana biyu ba, ya ce sake. Kai! Sai na ji dum, mai kauri, gajere, amma E ɗin tana nan a ciki ana jin ta. Ya sake turowa kamar faɗin yatsa ɗaya, sai ga tuf ɗina na gado ya dawo. Wato duk abin da na yi wata biyu ina nema yana cikin wani ɗan fili da bai kai faɗin babban yatsa ba, ni kuma ina can tsakiyar jita ina kokawa.

Dalilin ma mai sauƙi ne in ka tsaya ka duba. Waya ta fi lilo a tsakiyarta, a bakin birij kuwa motsinta kaɗan ne, to in nama ya taɓa ta a can bakin sai ya tsotse ƙarar sama-sama da dogon amon ya bar gundarin sautin, in kuma ka taɓa ta inda take lilo sosai ka tsayar da ita ne gaba ɗaya. Batun nauyi kuma Baba ya ce in ɗora hannun kamar yadda ake dafa goshin yaro a ji ko da zazzaɓi. In ka danna da ƙarfi wayar tana ƙara miƙewa sautin ya haura sama, sai ka yi ta zargin jita ta saki alhali kai ne.

Wannan na gan shi ƙuru-ƙuru a kan jitar lantarki ta wani abokina, ƙirar Stratocaster ce mai birij ɗin nan da ke kan sifirin yana motsi. Ina jingina hannu a kai duk wayoyi shida suka tashi sama tare, muka yi ta murɗa kunnuwan ɗaure wayoyin muna saiti, da na ɗaga hannu ta dawo daidai da na mayar ta sake karkacewa, sai da muka ɓata kusan rabin awa kafin muka gane. Ita ta lantarki ba ta son nauyi ko kaɗan, kuma amfilifaya, na'urar ƙara sauti, tana tona asiri, duk wani kuskure sai ta faɗa wa unguwa.

Bayan na samu wurin sai wata matsalar ta ɓullo. Saboda tsoron kar hannu ya goce daga inda Baba ya ajiye shi sai na kafe wuyan hannu kamar an sa masa filasta, na koma kaɗawa da gwiwar hannu, minti biyar kafaɗa ta ɗau zafi, shaful ɗin kuma ya miƙe ya zama kamar faretin 'yan makaranta, ɗingishin ya ɓace. Abin da ya fisshe ni shi ne metronom na wayar salula, mai buga ƙas-ƙas don riƙe lokaci, na sa shi a bugu 60 a minti, abin haushi don jinkiri, ina ƙirga uku-uku a kowane bugu ina kaɗa na ɗaya da na uku ina tsallake na tsakiya, kowane bugu da saukar da hannu ƙasa. Gefen tafin ya zama kamar hinjin ƙofa, yana zaune wuri ɗaya amma hannun yana juyawa a kansa. Na kuma canza fik, ɗan robar da nake kaɗawa da shi, daga mai laushi da ke lanƙwashewa yana fat fat zuwa mai kaurin milimita 1, na riƙe shi ɗan bakinsa kaɗai ya leƙo. Mako uku ina kan 60 zuwa 70 kafin na yarda na ƙara.

Wani abin da ba wanda ya gaya mini, in ka sauko daga E zuwa A dole tafin ma ya sauko tare da kai, amma kar ya saki babbar wayar sama, in ba haka ba tana nan tana gurnani a ƙarƙashin A ɗinka. Sannan gumi. Da damina gefen tafina ya sa manyan wayoyi uku suka yi tsatsa daidai wurin da nake dafawa, har wani baƙin layi yake bar mini a hannu, yanzu da tsumma a cikin jakar ina gamawa nake goge su.

Da na fara jin na iya sai na danne komai, daga farkon waƙa har ƙarshe dum dum dum, na je na yi wa Baba ina jiran yabo. Ya saurara har zagaye biyu ya ce, "To yanzu ka iya rufe mata baki, yaushe za ta yi magana?" Ya karɓa ya yi irin nawa sak, amma a gaɓa ta huɗu, dab da zai shiga A, sai ya ɗan ɗaga tafin bugu biyu wayoyin suka buɗe suka yi ruri sannan ya mayar, tsigar jikina sai da ta tashi. Na koma na sake sauraron Lightnin' Hopkins da Mance Lipscomb, mutanen Tekzas, su babban yatsa ne yake ta dukan waya ɗaya a danne kamar bugun zuciya, ƙananan wayoyin ƙasa kuma a sake suna kuka, hannu ɗaya yana aiki biyu, rabinsa ya rufe rabinsa ya buɗe. A da ina jin su ban san abin da nake ji ba. Wannan ɗin har yau ina fama, da na saki ƙananan wayoyin sai tafin ya ɗago gaba ɗaya, da na danne manyan sai ya kwanta a kan duka shidan.

B ɗin ma bai gama ba ni haɗin kai ba, don a can ba waya a sake, manuni yana firet na 2 ƙaramin yatsa kuma sai ya miƙa har na 6, kuma duk lokacin da hankalina ya tafi wurin miƙar nan sai hannun dama ya manta aikinsa ya koma shaƙa. Jiya da daddare sau tara na zagaya gaɓa 12 ɗin, biyu ne kawai na wuce B lafiya. Da safe na haɗu da maƙwabciyata tana shanya, na ce ina fata ban dame ku ba jiya, ta ce au, wai dama kana nan kana yi, ita ta ɗauka na sayar da garayar.