Ƙwanƙwasa Tebur a Jamus, Shiru a Japan

A makona na farko na karatu a Jamus, malami na rufe bakinsa sai ɗalibai suka dunƙule hannu suka hau ƙwanƙwasa tebur. Gabana ya faɗi, na zaci bore ne. Ashe tafinsu ke nan, haka ake yi wa malami godiya a jami'o'insu. Da safiyar ranar ma na iso aji ƙarfe 10 daidai na tarar ba kowa, domin a jadawalin an rubuta c.t. a gaban lokacin, wato sai 10 da kwata za a fara. Inda aka sa s.t. ne ake farawa a kan lokaci.

Irin waɗannan ba su da wuya, rana ɗaya ta isa. Haka rufe kantuna ranar Lahadi, haka mayar da robar ruwa a karɓi santi 25. Abin da ya ci mini watanni shi ne gane yadda kowace al'umma ke cewa a'a.

Malamar da ke duba bincikena ta dawo mini da babi na biyu. Ba ta fara da yabo ba, ba ta kewaya ba, ta ce hujjar ba ta tsaya ba, in sake rubutawa. Na kwana ina saƙawa ina kwancewa, na tabbata ta raina ni. Washegari ta tare ni da fara'a, ta zauna awa guda muna bin babin layi-layi. A hankali na fahimci cewa a wurinta gaya maka gaskiya tsirara girmamawa ce, alamar ta ɗauke ka abokin aiki mai iya jure gyara. Har yau ina ganin babu wanda ya amfane ni a karatu kamarta.

Da wannan kunnen na tafi birnin Osaka na Japan bayan shekaru, wurin aiki ya tura ni gabatar da wani shiri. Na koyi miƙa katin suna da hannu biyu, na koyi ajiye na mutane a kan tebur maimakon cusa shi a aljihu. Ina bayani suna cewa "hai, hai". Da na gama, babbansu ya ɗan ja numfashi ya ce abin da ɗan wuya, amma za su duba. Na rubuta wa ofishinmu cewa an kusa amincewa. Mako biyu shiru.

Tafintarmu ce ta warware mini. Ta ce "hai" sau da yawa na nufin "ina jin ka" ne kawai, kuma "da ɗan wuya" a irin wannan zama ƙi ne, an dai lulluɓe shi don kada a kunyata baƙo a gaban jama'a. Ta koya mini kalmar nemawashi, wadda asalinta ta masu lambu ce: a haƙa kewayen saiwar bishiya tun kafin a cire ta a dasa wani wuri. A wurin aiki kuwa, a bi mutane ɗaya bayan ɗaya a ji ta bakinsu kafin ranar taro. Wannan hikima ta burge ni ƙwarai, duk da cewa tana cin lokaci.

A tafiyata ta biyu na nemi ganin kowa shi kaɗai. A nan wani injiniya ya gaya mini ainihin matsalar: ranakun da muka tsayar sun faɗa cikin jerin hutun ƙasar na ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, lokacin da ma'aikata da yawa ba sa nan. Muka matsar da aikin zuwa Yuni, aka sa hannu a zaman da ya biyo baya.