Buhu Nawa Ne Kuɗin Makaranta?

Baba bai taɓa tambayata kuɗin makaranta naira nawa ba ne. Duk sanda na koma gida da takardar rajista, yakan ajiye rediyonsa ya ce, "To, ɗan boko, bana buhu nawa?" Manomin masara ne a wani ƙauye da ke ƙasar Funtuwa, kuma da buhu yake auna komai, daga sadakin yayyena har zuwa kwanon rufin ɗaki. Ni kuwa tattalin arziki nake karantawa a wata jami'ar gwamnatin tarayya, yanzu ina aji huɗu, don haka na daɗe ina yi wa wannan ma'auni nasa kallon na mutanen da.

A yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022, wanda ya zaunar da mu gida tun daga Fabrairu har Oktoba, zaman banza ya sa na sayi littafi mai layi na fara rubuta duk abin da aka kashe a kaina. Da muka koma makaranta ban daina ba. Kuɗin mota, garin kwaki, data, buga takardun malamai, har sabulu. Ba da wata manufa na fara ba, amma littafin nan ya koya mini abin da ban samu a aji ba.

Sai in faɗi gaskiya a kaina. Ina cikin waɗanda suka goyi bayan cire tallafin mai. Na ma rubuta aikin gida a kai, na kuma ci maki mai kyau. Hujjojina su ne waɗanda kowa ya sani. A 2022 kaɗai tallafin ya lashe sama da naira tiriliyan 4. Mai motoci uku ya fi mai tafiya a ƙasa cin moriyarsa. Sannan duk wanda ya taɓa bin hanyar Jibiya ya ga jarkokin da ake tsallakawa da su zuwa Maraɗi. Har gobe ban ce waɗannan hujjoji ƙarya ba ne. Ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, ina cikin masu gyaɗa kai a gaban talabijin ɗin ɗakin taron ɗalibai. Cikin kwana biyu litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan kusan 460 ta kama hanya, ba ta tsaya ba sai da ta haye 1,500 a farkon 2024.

Da zangon karatu ya kewayo, kuɗin rajistarmu ya ninka kusan sau uku. Gwamnati ta fito ta ce karatu a jami'o'in tarayya kyauta ne har yanzu, abin da aka ƙara kuɗin ɗakin kwana ne da ɗakin gwaje-gwaje da makamantansu. To, a takarda haka ne. Amma buhun Baba bai san bambancin kuɗin karatu da kuɗin rajista ba. A waccan shekarar mun sha da ƙyar, domin masara ma ta yi tsada, sai ya zama buhunan da ya kai kasuwa ba su ƙaru sosai ba. Har ya yi mini ba'a, wai gwamnatinmu ta 'yan boko ta yi masa rana.

A nan ne na fara lura da wani abu a littafina. Kowane ƙari da na rubuta, idan na bi sawunsa, sai in ga wani ne ya turo mini shi. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga wajen naira 68 zuwa 225 a kan kowane ma'auni. Kamfanin wuta ya tura wa jami'a, jami'a ta rage mana awoyin wuta ta kuma ƙara kuɗin ɗaki. Mai shagon buga takardu ya koma janareta, ya tura mini kuɗin mansa a kan kowane shafi. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta yarje wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin ɗari, bayan sun nemi kashi 100. Hujjarsu ita ce dizal da dala, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sai dai ni ma dizal da dalar sun taɓa ni, ban kuma san hukumar da zan je in nemi a ƙara mini ba.

Na tayar da maganar a aji. Na ce, "Malam, wannan fa kamar jakin da ke ƙarshen ayari ne, kowa ya gaji sai ya ɗora masa kayansa." Malam ya yi dariya ya ce ai mun yi darasin tun a aji biyu, wanda ba shi da wurin gudu shi ke biya. Haka ne, mun yi, na zana layukan a allo ma. Kawai ban taɓa tsammanin ni ne layin ba.

Masu wurin gudu kuwa ba sa ɓuya. Faɗuwar naira da ta karya mu ita ce ta cika wa bankuna aljihu, saboda kadarorin da suka ajiye da dala, har sai da majalisa ta ɗora musu harajin kashi 70 a kan wannan riba a 2024. Da siminti ya haye naira dubu 10 a Fabrairun 2024, ministan ayyuka David Umahi ya zauna da manyan kamfanonin da ke riƙe da kasuwar, aka yi ciniki, aka tsaya a kan dubu 7 zuwa 8. Da su ake zama a teburi. Kada dai in yi zalunci: ɗakin laccar da nake zama a ciki tambarin TETFund ne a jikinsa, kuma daga harajin ilimi da aka riƙa cira a ribar kamfanoni aka gina shi, abin da malaman ASUU suka yi gwagwarmaya a kai tun farkon shekarun 1990. Ke nan ana iya karɓa daga hannunsu, idan an samu masu taurin kan da za su tsaya.

Da aka buɗe shafin neman bashin ɗalibai na NELFUND a Mayun 2024, na yi jinkiri. Baba ya tsani bashi. Sai da na je gida na zauna da shi bayan sallar isha'i. Tambayarsa ta farko, "Da ruwa a ciki?" Na ce babu, abin da aka ba ka shi za ka mayar, ba za a fara karɓa ba sai shekara biyu bayan bautar ƙasa, kuma kashi 10 na albashi za a riƙa cira. Ya yi shiru, can ya ce, "Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Je ka cika."

Cikawar ma ta koya mini karatu. Sunana a katin ɗan ƙasa da na banki ba rubutu ɗaya ba ne, wani wuri da "u" wani da "o", sai da na yi makonni ina gyara. Duk ƙanen da zai nema, ya fara daidaita NIN da BVN da lambar JAMB ɗinsa kafin ya taɓa shafin. Kuskurena na biyu ya fi ciwo. Ranar rufe rajista ta matso, kuɗin bashin ba su iso ba, tsoro ya kama ni, Inna ta sayar da tunkiyarta na biya. Daga baya kuɗin suka shiga asusun makaranta, ni kuma na shiga sintiri tsakanin ofis da ofis ina neman a mayar mini da nawa. Wata da watanni. Abin da ya cece ni shi ne na adana rasit, na kuma buga kwafi uku. Tunkiyar da na saya wa Inna da kuɗin da aka dawo da su ba ta kai rabin waccan ba, domin kafin su fito naira ta ƙara ramewa.

Dubu 20 da ake turo mana duk wata na taimakawa, ba zan yi butulci ba. A littafina tana kai ni wajen ranar goma sha biyu, idan ban yi zazzaɓi ba.

Sai kuma abin ya juyo ta inda ban zata ba. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150 don a sauƙaƙa wa mutanen gari. Manyan kamfanoni ne ke iya cika jirgin ruwa da hatsi, ba irin su Baba ba. Ga wannan, ga damina ta yi kyau, sai masara ta faɗi warwas a 2025, taki kuwa yana nan inda yake. A makaranta na ji daɗi, kwanon gari ya sauko. Da na je gida na tarar Baba yana lissafin sai ya sayar da kusan buhu biyu na masara kafin ya sayi buhun taki ɗaya. Ashe ba ni ne jakin ƙarshe ba, akwai wani a bayana.

Bana da na kai masa takardar rajista, ya tambaya kamar yadda ya saba. Na ce, "Baba, bana ba buhu, gwamnati ta biya, ni zan mayar in na samu aiki." Ya ɗauki rediyonsa yana murɗawa, ya ce in dai rubuta a littafin nan nawa, da adadin da ranar, saboda ƙanena zai rubuta JAMB baɗi, kuma shi ya yanke shawarar rage gonar masara ya shuka waken suya, wanda ba ya cin taki sosai.